Bargon Dada

Sai da furfura ta cinye mini rabin gemu sannan na koma jami'a neman digiri na biyu a fannin sarrafa na'urori. Abin da ake koya mana shi ne yadda na'ura za ta riƙa lura da kanta tana gyara kuskurenta, abin da ni ban taɓa iyawa ba.

Aikin bincikena akwatin ƙyanƙyasar ƙwai ne. In zafi ya yi ƙasa ya ƙara wuta, in ya yi yawa fanka ta tashi. Na kafa shi a wani ɗaki a gidanmu na Ƙetare, na haɗa da sola, na zuba ƙwan zabi. Farfesa Salahuddeen, mai duba aikin, ya ce abu guda yake son gani: layin zafin a kwamfuta ya miƙe sak. In bai miƙe ba kafin ƙarshen zango, jami'a za ta sallame ni, don wa'adina ya cika.

Layin nawa kuwa sai ka ce sawun maciji. Na canza waya, na sake lissafi, na zargi batir. Wata safiya na iske mahaifiyata, Dada, tana lulluɓe akwatin da bargonta.

"Dada, mi ake yi?"

"Kai wannan," ta ce, don ɗan fari ne ni, ba ta kama sunana, "ƙwai babu uwa, ka bar su cikin sanyi?"

"Ai akwai wuta ciki."

"Wutar ce ta haife su?"

Ashe in ta rufa, zafi ya hau, fanka ta kama gurnani. In ta ji gurnanin sai ta ce abin ya galabaita, ta yaye bargon, ta buɗe murfin ya sha iska.

Na kira Farfesa. Ya ce duk abin da ya shigo daga waje ya dagula na'ura, fitina ce a fanninmu, kuma aikin injiniya ya kawar da ita.

"Ranka ya daɗe," na ce, "wannan fitinar ita ta haife ni."

Sai ya ce Allah ya ba da sa'a.

Matata Zulaihatu ta ce in sa wa ɗakin kwaɗo. Na tambaye ta wa zai riƙe makullin ranar da Dada ta nema. Ta tuna tana da wanki.

Tun da ba a gyara Dada, sai na gyara akwatin. Na zauna ina nazarin uwata kamar darasi: nauyin bargon, saurin hawan zafin, daɗewar murfin a buɗe. Na ƙara wani ɗan ma'auni a waje, yadda da bargo ya sauka akwatin zai rage wuta tun zafin bai hau ba, da an ɗaga murfi ya ƙara.

Ana saura mako guda zango ya ƙare, Farfesa ya zo ɗaurin aure Ƙanƙara, kusa da mu, ya biyo ya gani da idonsa. Muna tsaye gaban kwamfuta sai ga Dada da bargo a kafaɗa. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta lulluɓe akwatin.

Layin bai motsa ba.

"Hajiya," in ji Farfesa, "ko za a yaye?"

Ta yaye, har da buɗe murfi. Layin ya ɗan rusuna, ya koma sak. Farfesa ya ce in kawo aikin ranar Litinin ya sa hannu.

Dada ba ta kula mu ba. Ta sake rufawa, ta kara kunne jikin akwatin tana jiran gurnani. Shiru.

"Da, in na taɓa shi yana amsawa," ta ce. "Kai wannan, shi ma bokon ka sa shi?"