Ƙaramin Buhu Cikin Rigar Lujain

Ranar da za mu zauna tsara karatun waya, surukata ta tashi da ciwon ƙafa, dole na ɗauko 'yata Lujain na zo da ita ofis. Lokacin ta fara zama ke nan, ga haƙora biyu sun leƙo.

Ƙungiyarmu ta gidajen renon yara ce, daga nan Iskandariyya ta ƙasar Masar har ƙauyukan Buhaira, kuma horo ne ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mai reno ta baro ƙauye da asuba, ta sha jirgin ƙasa, ta zo ta yi gyangyaɗi a aji ta koma. Shi ya sa shugabarmu, Madam Ni'imat, ta ce bana karatun ne zai bi su cikin waya, kuma ni ta ɗora wa tsarin.

Mu huɗu muka zauna da farantin basbusa, wani kek mai zaƙi, a tsakiya: Madam, Ramzi mai kula da na'urori, Abla Sakina wadda ta riga kowa zuwa ƙungiyar, sai ni. Na bayyana musu abin da na shirya. Bidiyo gajeru, kada ɗaya ya wuce shan kofin shayi. A sauke sau ɗaya a riƙa kallo ba sai da data ba. A kalla lokacin da yara suke barcin rana, ba a gida ba, don na san yadda yamma take ga mai goyo. Amsa kuma a turo ta da murya. Darasin farko shi ne abin da ake yi idan abinci ya maƙale wa jariri a wuya.

Abla Sakina ta ce duk ta ji, amma ita damuwarta hannu. A aji ana ba kowa 'yar tsana ta riƙe ta gwada, to a waya me za su riƙe? Na ce mu ajiye wannan tukuna.

Ana nan Ramzi ya ce bari ya gwada sabuwar kyamara. Yana ɗagawa Lujain ta cafke sarƙar tabarau ɗin Madam, ta ja, ta kece da dariya har da ƙara. Ofis ya rikice. Madam, wadda ko murmushi sai da dalili, tana ta share hawaye. Aka maimaita hoton, aka sake maimaitawa. Mai shayi ya shigo, masu lissafi suka baro tebur. Ni kuwa kaina kamar ya taɓa silin, ina ta gaya wa mutane cewa kumatun nawa ne, ba na babanta ba.

Madam ta buga tebur ta ce ai an gama, ga fuskar shirin. Kowane darasi ya buɗe da wannan dariyar, a sa ta a fosta, a sa a takardar shaida. Ramzi ya ce har ya tura wa shugabannin rassa su gani.

Wayata ta fara rawa a kan tebur. Wannan ta ce ji idanu, waccan ta ce ji kumatu, wata ta ce ta tura wa 'yan'uwanta a Kuwait. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda ta ce masha Allah, da ƙyar na samu guda. Basbusar bakina ta koma kamar takarda. Fuskar 'yata za ta shiga wayoyin da ban san masu su ba, ta zauna can har ta girma, ba wanda ya tambaye ta. Amma ta yaya zan ce wa Madam a'a a gaban jama'a, matar da ta bar ni na shigo da goyo ofis?

Na ce to mu ɗauki darasin farko yanzu, tunda kyamara a kunne take. Na karanta musu matakan: a kifa jaririn a kan hannu, kai ya yi ƙasa, a doki tsakanin kafaɗunsa da gindin tafi. Na ɗago na dubi Madam.

"Madam, tunda Lujain ce fuskar shirin, wa zai fara dukan nata? Ke ko Ramzi?"

Ramzi ya ja da baya, ya ce shi ko kyanwa bai taɓa doka ba. Madam ta ce a kawo 'yar tsana. Aka kawo, ba ta kai nauyin takalmi ba. Abla Sakina ta ce wannan ko iska za ta kifar da ita, jariri na gaske hannu sai ya sage.

Idona ya sauka kan cefanen Abla a gindin kujera. Akwai ƙaramin buhun shinkafa, wai za ta yi koshari, dafa-dukan nan namu, ranar Juma'a. Na ɗaga shi da hannun dama, Lujain a hagu. Kusan ɗaya suke.

Na zaro rigar canjin Lujain daga jaka na zura masa, na ɗaure wuya da igiyar gashi, na kafa masa hula mai kunnen zomo. Ramzi ya zana masa ido da baki, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Abla ta ce wallahi da mijinta yake kama. Madam ta yi dariya har ta kama bango.

Na kifa shi a hannu, na doka, ya ce tim. Na ce kowane reshe da shinkafa a kicin, kowace mai reno ta ɗauki nata buhun ta bi bidiyon, ta turo mana hoton hannunta mu gyara mata. Ga amsar tambayar Abla.

Madam ta karɓe shi, ta jijjiga shi a kafaɗa, ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.

"Maman Lujain, da kin ce min ba kya so, ai da na ji."

"Na ji kunya ne, Madam."

"Kunyarki ta ci mana shinkafar Sakina."

Ta sa Ramzi ya goge hoton a gabana, ta aika wa rassa da muryarta cewa kowa ta goge nata, har na Kuwait. Ban sani ba ko duk sun goge, amma na san ba a ƙara ɗaukar wani ba.

Aka raɗa wa buhun suna Ruzza, wato 'yar shinkafa da Larabci, aka rubuta shi a tsarin, shi ne zai buɗe kowane darasi. Abla Sakina ta ce ta yafe kosharin, amma in aka fasa mata yaro ba za ta yafe ba. Ta ciro 'yar shuɗiyar tsakiya ta maganin kambun baka daga jakarta ta maƙala masa a riga, ta ce yanzu shi duniya za ta zuba wa ido, shi ya fi buƙata.

Lujain kuwa ta yi barci a cinyata, hannunta damƙe da sarƙar tabarau ɗin Madam.