Leda Mai Jan Filasta

Wanda bai taɓa aikin jinya da damina ba ya daina ce min ya san gajiya. A wannan makon amai da gudawa sun cika mana ɗakin maza har baranda, kuma mu biyu ne rak a bakin aiki, ni Marta da Sista Nusaiba. Saboda ƙarancin hannu muna da wata dabara da ba a makaranta aka koya mana ba. Duk wanda aka sa wa ƙarin ruwa, sai mu kira mai jinyarsa mu nuna masa 'yar tayar roba da ke jikin igiyar ledar ruwan: in leda ta ƙare ka murza ƙasa ka rufe, ka zo ka kira mu. Kowa a ɗakin ya iya, wasu har sun fi ɗalibanmu hannu.

A cikin wannan hargitsin aka turo mana Malam Yari daga Bungudu, wani dattijon manomi mutumin Nahuce. Idanunsa sun zurma, harshe ya bushe ƙayau, fatar cikinsa in ka ja sai ta tsaya inda ka bar ta. Matarsa Inna Wasila ce ta rako shi, da babban ɗansu Yazid, magidanci mai noman rani, irin mutanen nan da ba su iya zama hannu rabbana. Kafin ka ce a ɗauko bokiti ya ɗauko, har ya wanke.

Muka sa wa tsohon ruwa hannu biyu, muka buɗe shi gaba ɗaya, domin a irin wannan halin gudu ake so. Leda na ƙarewa muna ɗora wata. Kafin la'asar sai ga mutumin da aka shigo da shi ranga-ranga ya buɗe ido yana tambaya ko an ba shanu dusa. Yazid ya kalli ruwan nan da ke zuba, ya kalle ni, ya ce, "Sista, wanga ruwa rai na!" Na yi dariya, na ji daɗi har cikin raina.

Washegari da safe gudawar ta tsaya, amma ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ciki ya kumbura, bugun zuciyarsa yana tsallake. Gwajin jini ya nuna fotashiyam ɗinsa ya yi ƙasa sosai. Wani gishiri ne a cikin jini wanda zuciya ke bugawa da shi, gudawa ta wanke shi. Likita ya ce a zuba shi a leda a mayar masa. To shi wannan gishirin ba ya son gaggawa ko kaɗan. In ya shiga a hankali magani ne, in ya shiga da gudu zuciya yake tsayarwa.

Na haɗa ledar da hannuna, na manna mata jan filasta, na saita ta tana ɗiga ɗis, sai an jima ɗis, yadda za ta kai har yamma. Yazid ya fita sayo magani, don haka Inna Wasila na samu a bakin gado. Na durƙusa na ce, "Inna, kin ga wannan mai jan? Ba irin ta jiya ba ce. Kada kowa ya taɓa ta, ko da ta ƙare. In ta yi gudu kashe mutum take yi." Ta dafe ƙirji ta ce, "Na jiya, ɗiyata. Ba mai taɓa ta."

Ban daɗe da barin wurin ba aka shigo da mutanen da motarsu ta kife a hanyar Tsafe. Jini ko'ina, ihu ko'ina, aka kwashe mu duka zuwa ɗakin gaggawa. Ina can ina ɗaure wa wani direba cinya, amma hankalina yana kan jan filastan nan. Da na samu sarari, kafin a kira azahar, na dawo da sassarfa.

Tun daga ƙofa na hango ledar. Ta shanye, ta manne da juna, an rufe 'yar tayar tsaf kamar yadda muke koyarwa. Na ce a raina ko dai ta fashe ne, na duba ƙasa, siminti a bushe. Inna Wasila ba ta nan. Yazid ne zaune a kujerarta, ya miƙe yana murmushi.

"Sista, sannu da aiki. Na iske ruwan ga bai tahiya, kamar ya toshe, ku kuma kuna can kuna hwama. Shi na nib buɗe mai kamar na jiya. Yac ce hannu na yi mai zahi, nic ce Baba yi haƙuri, magani na ka aiki. Ga shi har ya samu barci."

Wallahi ban san lokacin da na ture shi gefe ba. Malam Yari ba barci yake ba. Bakinsa a sake, leɓɓansa sun yi toka. Na danna wuyansa, na ji wani abu yana rawa can ƙasa kamar zare, sai kuma na daina ji. Na ƙwala wa Nusaiba kira da muryar da ban san ina da ita ba. Na haye gadon na fara danna ƙirjinsa, likita ya shigo da gudu, aka yi allurar da ake yi don kare zuciya, aka ƙara. Muka yi ta yi har hannuwana suka mutu, gumi na ɗiga a kan rigar tsohon. Daga ƙarshe likita ya riƙe min kafaɗa ya ce, "Sista, ya isa."

Mutumin da jiya yake tambayar shanunsa. Na tsaya ina kallon tafukan hannuna, na kasa ko kuka.

A baranda na same su. Inna Wasila ta dawo daga wurin masu murhu da kwanon kunu da ta je dama masa, tana tsaye riƙe da shi, an riga an gaya mata. Ba ta yi kururuwa ba, salati kawai take yi a hankali. Yazid yana tsugune ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ga ƙafafuna sai ya ɗago, fuskarsa sharkaf.

"Sista, don Allah hwaɗa min gaskiya. Da na dawo da wuri na buɗe mai ruwan ga tun da sahe, da ya tashi ko? Ni na yi jinkiri wurin sayen magani."

Salatin Inna Wasila ya yanke. Ta juyo a hankali ta kalli ɗanta.

"Kai ka buɗe ta? Mai jan?"

"Ni na, Inna. Amma na makara."

Na ga kunu yana zuba a kan zanenta, da zafinsa, ba ta ko motsa ba. Raina a ɓace yake, bakina cike da magana, kuma da na buɗe shi ba abin da zan rage. Sai tsohuwar ta ajiye kwanon, ta matso ta kama wuyan hannuna, ta matse shi har na ji ƙashi. Idonta cikin nawa, ta girgiza kai kaɗan, yadda ɗan ba zai gani ba.

"Kwananshi ya ƙare, Sista," in ji ta da ƙarfi, don ya ji. "Ko ba hakanan ba?"

Yazid yana kallon bakina yana jira. Inna Wasila ba ta saki hannuna ba.

Na ce, "Haka ne, Inna."