Ɓawon Waken Soya

Tun da rediyo ya ce fari ya ƙone waken soya a ƙasashen da duniya ke saye a wurinsu, Manajan kamfanin matsar mai ya kasa zama a kujerarsa. Jirgin ruwan waken da yake jira ma ya juya wani wuri. Sai ya bi gonaki yana sayen wake jiƙaƙƙe, ruwan sama bai ko sake shi ba, yana ɗurawa a dogayen rumbunan ƙarfe. An ce har matarsa ta hana shi, ita da ba ta san komai ba sai gyale da jaka.

Bayan sati uku rumbu na farko ya daina zubarwa ta ƙasa. Duk ma'aikacin rumbu ya san dalili: danshi ya haɗe waken sama ya yi ɓawo kamar daɓe, ƙarƙashinsa kuwa rami. Sai an saukar da mutum da igiya ya fasa. In ya burma, wake ya rufe shi, ko ihunsa ba za a ji ba.

Mara nauyi ake saukarwa. Ido duk ya koma kan Tsinke mai awo, uban 'ya'ya biyar, wanda iska kan ɗaga da rigarsa.

"Ranka ya daɗe, a jira ya bushe mana," in ji Tsinke.

"In injin ya tsaya yau, gobe ba wanda ke da aiki," in ji Manaja, bai ko kalle shi ba.

A saman rumbu, ƙanin matar Tsinke, ƙaton direban kamfanin, shi ya ɗaura masa igiya a ƙugu.

"Yaya, in na sake ka, Anti ta huta da siraran ƙafafun nan."

"Riƙe dai, ɗan banza. Zagaya ta a ƙarfe sau biyu."

Direban ya zagaya sau uku.

Ciki zafi, ga warin tsami. Ƙafarsa ta taɓa ɓawon, yana jin ɗuminsa ta cikin takalmi. Ya soka sandar ƙarfe, shiru. Ya ƙara sokawa, sai ƙasa ta tafi. Igiya ta shaƙe masa haƙarƙari, wake ya zubo daga bango ya kama shi har ƙirji, yana jan sa kamar mai hannu. Ya buɗe baki zai yi salati, ƙura ta cika shi.

Mutum huɗu suka taru kafin a zare shi, ba takalmi, wando a gwiwa. Direban ya rungume shi yana kuka, ba kunya.

Daga ƙasa aka ji wake ya fara zuba. Manaja ya ɗago kai ya ce, "A ba shi ruwa ya huta. Rumbu na biyu ma ya tsaya."