Shafin Kyanwa

Ma'aikatan safe da na yamma a ɗakin karatun nan ba su cika haɗuwa ba, sai dai a bakin ƙofa, wannan na shiga wancan na fita. Saƙon baki kuwa kafin ya isa inda aka aike shi ya zama wani abu dabam. Shi ya sa Shugaba ta buɗe musu wiki, wato shafi a kwamfuta da kowa zai iya rubutu a ciki, ya kuma gyara na wani.

Baba mai jera littattafai, wanda ke aikin yamma, ya fi kowa ƙorafi. "Ranki ya daɗe, bakin namu ne ya lalace?" Amma da ya gano ana iya goge rubutun mutum, sai abin ya fara yi masa daɗi.

Wata safiya Anti ta sashen yara ta tarar kyanwa ta haihu a bayan kantar tsofaffin jaridu. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta: "Don Allah a bar tagar baya a buɗe, uwar tana fita neman abinci."

Da yamma Baba ya goge, ya sa nasa: "A rufe taga. Nan ɗakin karatu ne, ba asibitin haihuwa ba."

Washegari Anti ta mayar da nata, Baba ya sake gogewa. Haka suka yi ta yi, har sauran ma'aikata suka rabu gida biyu. Shugaba ta duba tarihin shafin, ta ga kowane gyara da mai shi, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kira su ofis.

"Jaridun nan sun girme ki, 'yata," in ji Baba. "Farce ɗaya ya isa ya yaga su."

"Haba Baba, ai da haka ka rubuta da tuni an wuce wurin. Ni wallahi na ɗauka mugunta ce."

"Mugunta? To wa kike zaton yake ajiye wa uwar madara a murfin gwangwani?"

Anti ta riƙe baki. Duk a tunaninta mai shara ce.

A ranar suka samo kwali, Baba ya shimfiɗa tsohuwar rigar sanyinsa a ciki, suka mai da mai jego da 'ya'yanta lungun sito, inda akwai taga kuma babu jarida. Tun daga nan Baba ya zama mai ba da rahoto: wannan ta buɗe ido, wancan baƙin ya ciji igiyar firinta. Kowa ya zo aiki, shafin kyanwa yake fara buɗewa.

Da Shugaba ta lura ba mai leƙa sanarwar taron wata, sai ta ɗauko ta ta liƙa a ƙarƙashin rahoton Baba. Ranar taron sai da aka aro kujeru daga sashen yara.