Ƙodar Kabewa

Ranar da matar Yaya ta shigo shagona, ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun riga. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ita da ko kujerata ba ta taɓa yarda ta zauna ba, ta ce ciwon suga ya gama da ƙodojin mijinta. Wankin ƙoda ya fara gajiyar da shi, likitoci sun ce sai dashe, kuma an gwada ƙannensa maza ba wanda ya dace.

"Ke kaɗai kika rage, Kabewa," ta ce. Sai ta rufe baki da hannu.

"Faɗi abinki," na ce. "Ai sunan da ya raɗa min ke nan."

Ina yarinya na yi ciwon maƙogwaro. Ya warke, sai fitsarina ya koma kalar shayi ba madara, fuskata ta kumbura har idanu suka shige. Baba yana kan hanya da babbar mota, Mama tana fama da jariri, don haka aka ce Yaya ya kai ni asibiti. Ya ajiye ni a gindin bishiya a bakin filin ƙwallo, ya buga wasansa har ya ƙoshi, muka dawo ya ce wa Mama likita ya ce yawan barci ne. Abokansa kuwa sun sha dariya da ya ce fuskata ta koma kabewa, daga nan sunan ya bi ni har gidan aure. Sai da fitsari ya ɗauke gaba ɗaya aka kwantar da ni. Ranar sallama, da kunnena na ji likita yana gaya wa Yaya a riƙa dawo da ni ana duba fitsari da hawan jini, ko da na girma. A hanya ya ce wa yake da lokacin jigilar kabewa, kuma in na faɗa a gida zan gane kurena. Na yi shiru, har ni ma na manta da zancen. Bishiyar ce ban manta ba.

Na amince da gwajin, amma ba don tausayi ba. So nake a ce na dace, Yaya ya ɗago kai ya roƙe ni da bakinsa, in dube shi in ce a'a. Har gaban madubin shago na riƙa gwada yadda zan faɗe ta.

Aka ɗebi jini, aka karɓi fitsari, aka shafa min mai mai sanyi a kwiɓi aka ɗauki hoto. Da na koma, likitar ta ja kujerarta kusa da tawa.

"Kin taɓa kumbura kina yarinya?"

Na ba ta labari.

"Yawancin yara suna warkewa sarai," ta ce. "Wasu kuma ciwon yana barin tabo, yana ci a hankali ba zafi. Jininki ya hau, ƙodojinki suna zubar da abin da ya kamata su riƙe. Da ana dubawa, da mun tare shi tun da wuri. Yanzu lallaɓa su za mu yi: ki rage gishiri, ki bar maganin ciwon bayan da kike sha kamar gyaɗa."

"To, shi fa?"

"Jininku ya dace, amma ba za mu taɓa taki ba. Zan gaya musu ba ki dace ba kawai, ba sai sun ji dalili ba."

Haushi ya turnuƙe ni. Ko a'ar da na tanada, ya riga ya ƙwace.

"Bari, likita. Ni zan gaya masa."

Na same shi a ɗakin wankin ƙoda, injin yana juya jininsa a cikin robobi. Fuskarsa ta kumbura, idanu sun shige. Sunan ya zo min har bakin harshe, na haɗiye.

"Ƙanwata," ya ce. Ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. "Me suka ce?"

Na gyara masa bargo, na zauna, don ina so ya ji da kyau.

"Sun ce jinina da naka ɗaya ne, Yaya. Ƙodar da za ta cece ka tana jikina. Ka tuna likitan da ya ce ka riƙa mayar da ni?"

Ya daɗe yana kallona. Na ga lokacin da ya tuna.

"Ita ce ka ajiye a gindin bishiya," na ce. "Ta lalace a can."