Watan da Ake Kulle Mota a Pell

Dorthea ta ce ba za ta aure ni ba sai ta ga garinmu da idonta. A waya ta faɗa mini, ina tsaye a kicin da cokali a hannu.

"Orval, ni ba yarinya ba ce," in ji ta. "A nan Omaha idan zama ya ishe ni, fita nake yi in ga jama'a. A wannan Pell ɗin naku me ake gani? Me ake yi? In zaman kallon masara ne, ka bar ni inda nake."

Na ce ta zo ranar Asabar ta gani.

A asibitin ido muka haɗu bara. An cire wa kowannenmu yanar ido, muna zaune a benci ɗaya, kowa da ido guda a naɗe. Ita mijinta ya rasu, ni ma matata ta rasu. Ta yi rayuwarta tana tuƙa bas a birni, ni kuwa tun ban gama makaranta ba nake bin injin girbi gona-gona. Da ido ɗaya na gan ta na ce ta yi mini, kuma da aka kwance ɗayan ban canza magana ba.

Ta iso da hantsi, tsakiyar watan Agusta, a wata tsohuwar mota ruwan toka. Ta ajiye ta a gaban gidan abincin Verna, ta sauke gilasan motar saboda zafin rana, ta shigo akori-kurata tana fifita da hula.

Na fara kai ta bakin rafi, wurin itacen da ya haɗiye garma. Wani manomi ne ya jingina garmarsa a jikin itacen tun yana ƙarami, bai dawo ba, itacen ya yi ta girma har ya rufe ta, hannayenta biyu kawai suka rage a waje. Na sha zama a wurin ina tunanin mutumin. Wataƙila ruwa ya je sha ya tarar da wata rayuwa a hanya. Wani lokaci ma sai in ga kamar itacen ne ke shirin fara noma, yana jiran a kawo masa doki. Na gaya mata duk wannan.

"To," in ji Dorthea. "Itace ne dai."

Daga nan muka nufi tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda muke ajiye kayan tarihi. A can ne maraƙinmu mai kai biyu yake, bayan ya mutu aka busar da fatarsa aka cusa mata ciyawa, yana tsaye a cikin gilas. Muka tarar da ƙofa a rufe, mai riƙe da makullin ta tafi kallon ƙwallo. Muka leƙa ta taga.

"Ni kai ɗaya nake gani."

"Ɗayan yana kallon bango."

"Ka tabbata?"

"Na girma da shi, Dorthea."

Saura babban abin, wanda na ajiye don ƙarshe. A shagon Merle, abokina mai sayar da ƙusa da fenti, akwai firji, a cikin firjin kuma akwai ƙanƙarar da ta faɗo daga sama ta huda rufin cocinmu ina saurayi. Ranar da aka tsince ta ta kai girman kan jariri. Merle ba ya nan, shi ma ya tafi filin ƙwallo, amma shagonsa a buɗe yake kamar kullum. Na ɗauko gwangwanin da ake ajiye ta a ciki na buɗe a hankali. Na daɗe ban duba ta ba. Ashe shekaru sun ci ta a cikin sanyin, ta koma kamar ƙwan kaza, ta yi fari fat. Ni dai har yanzu idan na kalle ta sai in tuna cewa wannan abu ya taɓa zama cikin gajimare, ya ga garinmu daga sama. Dorthea ta dube ta, ta dube ni, ta ce tana da kyau, da irin muryar da ake yaba zanen jika.

Muka kama hanyar komawa. Muna wuce dogon rumbun hatsi ta dafa hannuna.

"Orval, kai mutumin kirki ne. Amma na ga garinku kaf tun kafin azahar. Gobe kuma me zan gani?"

Na ci gaba da tuƙi.

Muna shan kwana zuwa gaban gidan abincin, sai na taka birki. Motar Dorthea a cike take maƙil da doguwar kabewar nan koriya da muke kira zukini. Kujerar baya, kujerar gaba, ƙasan sitiyari, ko'ina. Wata ƙatuwa mai tsawon hannun mutum an zaunar da ita a kujerar direba, har an ɗaura mata bel. Verna na tsaye a bakin ƙofa da butar kofi, dariya ta hana ta miƙewa.

"Ango! Ka kawo baƙuwa cikin Agusta ba ka ce ta rufe gilas ba? Kai dai tsufa bai ƙara maka komai ba."

Wallahi na manta. Zumuɗi ne ya ɗauke mini hankali.

Dorthea ta sauko ta zagaya motar. "Wa ya yi mini wannan?"

"Kowa da kowa, 'yar uwa," in ji Verna. "Ni 'yan kaɗan na sa. A nan ba ma kulle mota sai a wannan watan. Kowa ya shuka abin nan, ka kwanta tana kamar yatsa, ka tashi ta zama kamar cinya. Mun dafa, mun soya, mun yi burodi da ita, aladu ma sun fara juya mana baya."

"To in an jibga maka, sai ka yi yaya?"

"Ka haƙura, ko ka rama. Sharaɗi ɗaya ne, kada mai mota ya gan ka. In ya kama ka, sai ka je lambunsa ka kwashe nasa duka."

Na fara ba ta haƙuri, ina cewa zan kwashe su in wanke mata motar. Ba ta ko saurare ni ba. Ta kwance wa ƙatuwar bel, ta ɗora mini ita a hannu.

"Shiga, tsoho. Ina filin ƙwallon yake?"

Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Ta bi ta bayan makaranta, ta kashe inji, motar ta gangara shiru har cikin layin motocin 'yan kallo. Can gaba jama'a na ihu, yaranmu na karawa da na garin maƙwabta. Muka sunkuya muna bin motoci muna taɓa ƙofofi, gwiwoyina na ƙara. Yawanci a kulle suke, mutanen Pell ba wawaye ba ne. Amma Fasto ba ya kulle tasa, ya ce imaninsa bai yarda ba. Dorthea ta cika masa kujerar baya, ta gyara su layi-layi kamar masu sauraron wa'azi. Malamin makaranta ya bar gilas ɗan buɗe, ta zaɓi sirara ta yi ta zura su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta shiga kwandon keke, wata cikin takalmin ruwa da aka bari a bayan akori-kura. Duk sanda aka yi ihu a fili sai ta ruga, in an yi shiru ta lafe a jikin taya tana toshe baki, hawaye na zubo mata don dariya.

Ƙatuwar ce ta rage. Na nuna mata motar Merle a gindin wani itace, nesa da sauran.

"Wannan ta aminina ce. Shi ya fi kowa cancanta."

Ta taɓa ƙofar baya, ta buɗu. Ta ɗaga kabewar da hannu biyu ta ajiye a kan wani bargo. Sai bargon ya yi tari ya tashi zaune. Merle ne, ya gudo daga rana yana barcinsa, ga kabewa a ƙirji kamar an ba shi rainon jariri.

Ya dube ta, ya dube ni, ya gyara tabarau.

"Orval, wannan ce matar da ka ishe mu da zancenta?"

"Ita ce."

"To madalla. Madam, sannu da zuwa, kuma na kama ki dumu-dumu. Lambuna ya fi na kowa girma a garin nan. Gobe bayan coci ina jiran ki, ki zo da buhuna."

"Merle, baƙuwa ce," na ce. "Yau za ta koma Omaha."

"Wa ya gaya maka?" in ji Dorthea. Ta karkaɗe ƙura daga gwiwarta. "An kama ni, doka kuwa doka ce. Kuma in na kwashe nasa, ai sai na nemi inda zan kai su. Wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Verna tana da ɗakin baƙi?"

"Tana da shi."

"To ka yi mata magana. Shi ma Fasto ka same shi yau ɗin nan ya sa mana rana, tun bai je wurin motarsa ba."

Merle ya kwashe da dariya har kabewar ta mirgino ƙasa. Ni kuwa na tsaya baki buɗe, na rasa inda zan sa hannuwana. Ta kama ɗaya ta ja ni zuwa mota.

"In wannan watan ya wuce, me kuke zuba wa mutane?"

"Tuffa," na ce.

"Yawwa," in ji ta. "Sun ma fi sauƙin ɓoyewa."