Shekarar da Merle Ya Hana Feshi

Tarakta uku ne suka yi layi a ƙofar gonar Merle Hotchkiss da safiyar nan, kowace da tankin feshi a baya, ta mijina Floyd a kan gaba. Ina tsaye a bakin titi da kofin kofi a hannu sai ga Merle ya fito baranda da rigar barci, robar iskar numfashi a hancinsa, yana jan tukunyarta kamar mai jan kare mai taurin kai.

"Ku juya," ya ce.

Floyd ya kashe inji. "Haba Merle. Inabi ya fara fure. In ba a fesa makon nan ba, toka za ta cinye maka gona."

"Gonarka ce?"

"Ka san ba a yin haka. Shekarar da na karye a ƙafa, wa ya fesa mini?"

"Ni ne, kuma na ji daɗi ba ka manta ba. Yanzu ka juya tun ban faɗi a nan ba a ce kai ka kashe ni."

A wannan gangaren da ke kallon tafkin Keuka, in ciwo ya kwantar da manomi ba a jiran ya roƙa. Maƙwabta kan zo da taraktocinsu su yi masa feshi, a sha kofi, kowa ya kama gabansa. Ba don kirki kaɗai ba. Cutar toka, farin garin nan da ke hawa ganye da 'ya'ya har ya bar su a tsage, ba ta san shinge ba. In ta yi kaka-gida a gonar da aka sake, iska ce ke kai ta ta gaba. Ba a taɓa jin wanda ya kori masu feshi ba sai ranar. Mazan suka juya suna girgiza kai, suna cewa ciwon huhun ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ni kuwa na san lafiyar kansa lau.

Iskarmu daga yamma take zuwa, kusan kullum. Gonarmu tana yamma da ta Merle. Gabas da shi kuwa gonar Preston Ayers ce, wani ɗan birni da ya zo ya tumɓuke tsohon inabin wurin ya dasa inabin Chardonnay na giya, irin da ba shi da ƙarfin hali ko kaɗan a gaban toka. Shi ya sa kullum yana cikin fesa farar wuta. Mu da Merle baƙin inabin Concord muke nomawa, na matsar ruwa, kuma ko yaron da bai iya ɗaure takalmi ba ya san farar wuta tana ƙone ganyen Concord. In iska ta juyo daga gabas, kashe inji ake yi a jira.

Preston bai jira ba. Wata rana mai zafi, shekarun baya, ya fesa da iskar gabas a bayansa, hayaƙin ya kwanta a kan layukan Merle na bakin shinge. Arlene, matar Merle, ita ta dasa layukan nan da hannunta tun tana amarya. A lokacin tana kwance ciwon ajali, an juya mata gado ya fuskanci taga don ta riƙa kallonsu. Abin da ta kalla ke nan har ta cika: ganye yana ƙonewa, yana naɗewa, yana zuba a tsakiyar damina. Ina nan a ɗakin ranar da ta ce a ja labule.

Da Merle ya je ya same shi, Preston ko saukowa daga tarakta bai yi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Iska ce, Mista Hotchkiss. Ni nake tuƙa iska?"

Ban yafe masa ba, balle Merle.

Bayan taraktocin sun tafi na shiga na same shi a kan gadon Arlene, a gaban tagar nan, an yaye labule. Daga nan ana ganin layukan sun yi duhu, ba a rage musu ganye ba, ba a ɗaure rassa ba. Abin da toka ke so ke nan, inuwa da laima.

"Verna, likita ya ce ba zan ga girbi ba," ya ce. "Ban damu da girbi ba. Abu ɗaya nake so in gani, kuma ƙafata ba za ta kai ni ba."

"Faɗi."

"Ki riƙa leƙa mini ƙetaren shinge. Ranar da tokar ta haye gonarsa, ki kawo mini."

"Tsoho, Allah fa yana kallonka."

"Yana kallo ranar ma."

Na ce to. Da daɗin rai na faɗa.

Kafin mako ya zagayo, layukan Merle sun yi furfura. Preston ya zo da kansa, da hula a hannu, 'yar Merle, Darla, ta shigo da shi. Ita daga birnin Buffalo ta zo jinya, ba ta san kan zancen ba.

"Mista Hotchkiss, ni zan fesa maka. Ba farar wuta ba, wani magani ne daban. Ba sai ka yi komai ba."

"Ka ga yaron kirki, Darla?"

"Baba, ka bar shi mana. Taimako ya zo yi."

"Kansa ya zo taimaka." Merle ya ja numfashi, tukunyar tana huci. "Kai yaro, ka taɓa sanin sunan wadda ta dasa layukan nan?"

Preston ya juya hular a hannunsa. Ya dubi Darla, ya dube ni. Da a ce ya ce Arlene, da a ce ya ce ya yi kuskure, ina ji a raina da tsohon ya sassauto. Amma sai ya ce, "Wannan ai tsohon zance ne. Ni gonata ce za ta lalace."

"To ka yi magana da iska," in ji Merle, ya juya fuskarsa taga.

Daga ranar Preston ya zama kamar mahaukaci da feshi. Kowace safiya nakan bi bakin shinge da sandata, in ɗaga ganyensa in duba ƙasa, in buɗe 'ya'yan da ke ɓoye a inuwa. Fes. Sai warin farar wuta. In koma in girgiza wa Merle kai, shi kuma kullum yana ƙara shigewa cikin matashi. Ya daina cin komai sai romo. Darla ta fara kiran 'yan uwa a waya. Na fara tsoron mugun nan zai sake cin nasara, tsohon ya tafi da abin a maƙogwaro.

Sai ruwa ya sauko. Ya yi kwanaki yana zuba, ya wanke duk abin da Preston ya fesa, gangaren ya zama taɓo. Ya fito da tarakta duk da haka, ta nutse har gindi a layi na farko. Ya kira Floyd ya zo ya ja shi. Floyd mutum ne mai sanyin zuciya, ya tashi zai tafi, sai ya nemi makullin taraktarsa ya rasa. Ya zazzage gidan kaf. Ni ina zaune ina ɗinki, makullin yana aljihun rigata.

Da ruwan ya ɗauke rana ba ta fito ba. Hadari ya rufe tafkin, gari ya yi luf, ba zafi ba sanyi, iskar yamma tana kaɗawa a hankali ta ratsa layukan Arlene ta wuce. Lokacin da Preston ya samu ya shiga gona, 'ya'yan inabinsa sun kai girman ƙwayar wake, kuma ya makara.

Wata safiya a tsakiyar Yuli na ɗaga wani ganye na gan ta. Nonon inabi guda, fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Na duba na kusa da shi, haka. Na gaba ma haka, har iya ganina. Can ƙarshen layi na hango Preston a durƙushe, kansa a ƙasa. Na tsaya na jira tausayi ya zo mini, bai zo ba. Na sa wuƙa na yanke nonon.

Na tarar Darla a bakin gado, idonta jawur. "Tun jiya bai yi magana ba, Anti Verna."

Na sunkuya na sa wa Merle nonon a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai. "Merle. Ta haye."

Ya daɗe kafin ya buɗe ido. Ya murza 'ya'yan da babban yatsa, ya ɗaga da ƙyar zuwa hancinsa. Warin toka daban yake, kamar na tsohon ɗakin ƙasa da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya shaƙa.

"Nasa ne?"

"Nasa ne. Har ƙarshen layi."

Bakinsa ya motsa. Na kai kunne.

"Iska ce," ya ce.

Kafin rana ta take ya cika, fuskarsa tana kallon taga. Darla ta yi kukanta, sannan ta rufe masa ido, ta zare robar daga hancinsa. Ta cire nonon inabin ta ajiye a bakin taga ba tare da ta tambaye ni ko na mene ne ba. Ta jiƙo tsumma ta goge masa fuska da wuya. Da ta kama hannun damansa sai ta ga farin gari a yatsunsa, ya shiga har ƙarƙashin farce.

Na riƙe wuyan hannunta.

"Bar wannan," na ce.

Ta dube ni, ta ajiye tsumman. Muka ɗora masa hannun a ƙirji yadda yake. Tagar a buɗe take, labulen yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, a waje kuma ganyen Arlene duk sun karkata gabas.